An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Merrikh, Hilal da Cutar Korar Koci

A Larabcin Sudan, ƙwallo sunanta "kura". Bahaushen da ya taso daga Kano ko Maraɗi ya sauka a Madani, ya ji yara suna ihun a ba su kura, sai ya waiwaya yana neman wurin gudu. Mu da aka haifa a gaɓar Nilu mun daɗe da daina dariyar wannan, domin mun lura sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Kurar nan tana da ci, kuma a duk kakar wasa naman da take fara yaga shi ne na koci. Ƙungiya ta sha kashi ranar Juma'a, kafin Litinin an rubuta wa mai horarwa takardar sallama, kafin Alhamis an ɗauki hoton wani sabon Bature a filin jirgi an rataya masa gyalen kulob a wuya, mu kuma a rumfar mai shayi muna tafi kamar an ɗaura auren ƙanwarmu. Ni dai ina ganin wannan tafin namu shi ne babbar hidimar da muke yi wa mutanen da suka lalata ƙungiyoyin da muke ƙauna, kuma kyauta muke yi musu ita.

Saboda 'yan'uwa masu karatu na Najeriya da Nijar, bari in ɗan shimfiɗa tabarma. Hausawan Jazira da na Nilu Shuɗi ba baƙin jiya ba ne. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka sauka a bakin kogi kudu da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin gona ya riƙe dubban mahajjata masu neman guzuri, guzurin ya zama zama, zaman ya zama jikoki. Waɗannan jikokin, kamar kowane ɗan Sudan, sun rabu gida biyu: ko dai kai Hilalabi ne mai shuɗi, ko Merrikhabi mai ja da rawaya. Ƙungiyoyin biyu duka a Umdurman suke, Merrikh tun 1927, Hilal tun 1930, amma a ƙauyen da bai taɓa ganin kwalta ba za ka tarar da wa da ƙani sun yi kwana uku ba sa ga-maciji saboda su. Madani ma tana da nata, Ahli da Ittihad, kuma a filinta aka buga wani ɓangare na gasar kofin Afirka ta 1970 wadda Sudan ta cinye. Saboda haka in na yi magana da zafi, a yi mini uzuri, a kan kayan gida nake magana.

Mu ɗauki Merrikh a farkon 2021, domin a nan ne cutar ta fito fili yadda ko makaho zai shafa ya ji. A ƙarshen Disambar 2020 Merrikh ta lallasa Enyimba ta Aba da ci uku da nema, Saif Teiri ne ya zura dukkan ukun. A Aba Enyimba ta rama da biyu da ɗaya, bai ishe ta ba, Merrikh ta shiga matakin rukuni na kofin zakarun Afirka. Kocin da ya yi wannan aiki shi ne Bafaranshe Didier Gomes. Kafin a fara wasannin rukuni, a watan Janairu, sai Gomes ya tattara kayansa ya koma Simba ta Tanzaniya, wato ƙungiyar da ke rukuni ɗaya da Merrikh. Ba korar sa aka yi ba, shi ya tafi, kuma wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tambaya: me mutum ya gani a gida har ya bar shi ana gobe biki, ya koma gidan abokin hamayya? Ba mu tambaya ba. Aka kawo ɗan Tunisiya Nasreddine Nabi.

Nabi ya tarar da 'yan wasan da bai zaɓa ba, da jadawalin da ba ya jira. Wasansa na farko a rukuni a Alƙahira ne, gaban Al Ahly mai riƙe da kofin, aka ci shi uku ba ko ɗaya. Na biyu a Umdurman, AS Vita ta Kinshasa ta zuba masa huɗu da ɗaya. Na uku ranar 6 ga Maris, ya riƙe Simba ta Gomes canjaras, babu ci. Wato a wasan da raga ta fara rufuwa, a ranar da aka fara ganin alamar baya ta gyaru, a nan aka sallame shi. Bai cika wata biyu ba. Nan take aka sanar da magajinsa, wanda ke nuna cewa tun kafin alƙali ya busa usur ana cinikin wani.

Wane ne magajin? Lee Clark, ɗan Ingila, tsohon ɗan wasan Newcastle da Fulham. Ba na raina mutumin. Ya taɓa jan Huddersfield wasa 43 a jere a gasar lig ba a doke ta ba. Amma aikinsa na ƙarshe kafin Umdurman a Blyth Spartans ne, ƙungiyar da ke mataki na shida a Ingila, kuma bai taɓa horar da kowa a Afirka ba. Kwana goma da saukarsa aka tura shi Darussalam, Simba ta ci shi uku ba ko ɗaya. Ya yi biyu da biyu da Ahly, ya sha uku da ɗaya a Kinshasa. Merrikh ta ƙare a ƙasan rukuni da maki biyu, ɗaya na Nabi, ɗaya na Clark. Simba ta Gomes ce ta zo ta ɗaya. A watan Yuni Clark ya tafi. Aka dawo da Diego Garzitto, wanda ya kai Merrikh wasan kusa da na ƙarshe a 2015. A Janairun 2022 aka sake kiran Clark ɗin dai, a watan Maris aka kore shi, shi ma bai cika wata biyu ba. Jama'a, ko auren kisan wuta ya fi wannan tsari.

Yanzu ku bi Nabi, wanda aka ce bai iya ba. A Afrilun 2021 Yanga ta Darussalam ta ɗauke shi. A Satumba Rivers United ta Fatakwal ta fitar da shi daga kofin zakarun Afirka tun a zagayen share fage, gida da waje. Da a Umdurman ne da ko jakarsa ba za a bari ya ɗaure ba. Yanga ta bar shi. A kakar nan ya cinye lig ɗin Tanzaniya ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba. A Oktoban 2022 ya dawo Umdurman, Hilal ta fitar da shi da ci ɗaya. Yanga ta sake barin sa. Ya sake cin lig, ya haɗu da Rivers United ɗin nan ya fitar da ita, ya kai Yanga wasan ƙarshe na kofin Confederation a 2023, inda USM Alger ta ɗauki kofin da ƙa'idar cin waje kawai, domin jimillar ƙwallaye biyu da biyu ce. Mutum ɗaya ne, kwanyarsa ɗaya, allon da yake zane a kai ɗaya. A gida guda an ba shi wasa uku, a ɗayan an ba shi shekara biyu. To wa ya gaza a Maris ɗin 2021?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a duk Sudan babu wanda ya kamata ya gane wannan wasan kwaikwayo kamar mu mutanen Jazira, domin mun san shi tun daga hawasha. Wanda bai sani ba, hawasha ita ce gonar da hukumar Jazira ke yanka wa manomi, ruwanta kuma ba daga sama yake zuwa ba. Daga dam yake tasowa, ya bi babbar hanyar ruwa, ya shiga ƙananan tur'a, ya faɗa Abu Ishirin, daga nan ya shiga Abu Sitta, sannan ya isa gindin shuka. In laka ta cike tur'a, ko ciyawa ta shaƙe ta, ko wani mai ƙarfi a sama ya tare ruwan, to wanda ke can ƙarshen layi sai ya ga audugarsa tana yaushi yana kallo. Kowa ya san inda ciwon yake. Amma yashe tur'a aiki ne mai tsada, mai ɗaukar lokaci, kuma wanda alhakinsa ke wuyansa yana zaune a ofis. To idan kaka ta zo babu amfani, wa ake ɗora wa? Ɗan ƙodagon da ke kambo, wanda ba shi da taƙi ko ɗaya na ƙasar, wanda ya yi shuka, ya yi cira, ya kwana a bakin ruwa sauro na cin sa. Shi ne rago, shi ne bai iya ba, baɗi a nemo wani. Kakanninmu da yawa a wannan matsayi suka rayu, wasunmu har yau a nan suke. Mun san ɗacin a ce maka ka tafi alhali ruwan ne bai zo ba. Sai ga mu da yamma a gaban talabijin, mu ne masu ihun a kori ɗan ƙodagon wani.

Domin koci ɗan ƙodago ne, ko da albashinsa da dala ake biya. Ba shi ya sayi 'yan wasa ba, sau da yawa tarar da su yake yi an riga an sayo, wani domin dillali ya matsa, wani domin a hana abokiyar hamayya samun sa. Ba shi ke biyan albashi ba, ba shi ke gyara ciyawar fili ba, ba shi ke yanke tikitin jirgin da zai sa ƙungiya ta kwana a filin jirgin Addis Ababa ana jibi wasa ba. Ba shi ke haddasa rikicin shugabanci ba, irin wanda Merrikh ta yi ta fama da shi a shekarun nan, har ya zama ana jayayya a kan wane ne ma halattaccen shugaban kulob. Ɗan wasan da bai san wanda zai sa hannu a takardar albashinsa ba, wane irin atisaye ne zai zaunar masa da hankali? Waɗannan su ne tur'a. Kuma yashe su babu hoto a ciki, babu gyale, babu filin jirgi.

Manyan ƙungiyoyin Sudan sun daɗe suna rayuwa a aljihun attajiri guda. Ana kiran su ƙungiyoyin jama'a, akwai babban taro, akwai zaɓe, amma kowa ya san wanda ke biya shi ke faɗa. Attajirin nan bai zo don ya ci riba daga tikiti ba, suna ya zo saya, kuma suna abu ne da ba ya jure ihun 'yan kallo ko na mako guda. Ranar da aka sha kashi, fushin jama'a kamar ruwan Agusta yake, dole ya sami mafita, in ba haka ba gidan shugaba zai ci. Korar koci ita ce ƙaramar kwatar da ake haƙawa a karkatar da shi. Da safe jaridun wasanni, waɗanda kafin yaƙi kusan kowacce an san ko shuɗiya ce ko ja, su sami kanun labari na mako biyu: wa zai zo, ɗan Brazil ne ko ɗan Sabiya, an ce ya taɓa gaisawa da Mourinho. Dillali ya sami la'adarsa. Shugaba ya fito a matsayin namijin da ba ya ɗaukar raini. Kowa ya ci, ban da ƙungiya.

Kuma abin ba kyauta ba ne. Tun Janairun 2021 FIFA ta shigar da masu horarwa cikin dokokinta na kwantiragi. Kulob ɗin da ya soke kwantiragin koci baƙo ba tare da hujja karɓaɓɓiya ba, a ƙa'ida zai biya shi abin da ya rage na kwantiragin. In an yanke hukunci bai biya cikin kwana 45 ba, ana iya hana shi rajistar sababbin 'yan wasa har zuwa kasuwa uku a jere. Wato duk takardar sallamar da muke yi wa guɗa bashi ce da dala, a ƙasar da fam ɗinta ke narkewa kamar ƙanƙara a kasuwar Sinnar. Attajirin da ya ci bashin yana iya yin murabus gobe ya koma harkokinsa. Bashin a wuyan kulob yake zama.

Kada 'yan Hilal su yi murmushi, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A daidai lokacin da Merrikh ke wasa da Nabi da Clark, Hilal ma ta sauke ɗan Sabiya Zoran Manojlovic ta kawo ɗan Fotugal Ricardo Formosinho, shi ma bai daɗe ba wani ɗan Fotugal ɗin ya gaje shi. Ita ma a matakin rukuni ta tsaya. Sai dai Hilal ta yi wani abu daga baya wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A tsakiyar 2022 ta ɗauko Florent Ibenge na Kwango, mutumin nan da ya jagoranci AS Vita ta ci Merrikh huɗu, wanda kuma ya gama cin kofin Confederation da Berkane ta Maroko. A kakarsa ta farko ya doke Ahly ɗaya da nema a Umdurman. A wasan Sundowns, ana ɗaya da ɗaya, Hilal ta sami fenareti a ƙarshen wasa wanda da ya shiga da ta haye, mai tsaron ragar Sundowns Ronwen Williams ya tare. Ranar 1 ga Afrilun 2023 Ahly ta ci Hilal uku a Alƙahira, ta fita da maki goma a hannu. A tsohuwar al'ada, wannan ranar sallama ce.

Mako biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ba sai na faɗa wa mutanen Jazira abin da ya biyo baya ba. Madani ta faɗi a Disambar 2023, ba ta dawo hannun soja ba sai Janairun 2025, kuma tsakanin nan abin da ƙauyuka suka gani ba abin da za a saka a cikin rubutun ƙwallo ba ne. Lig ya tsaya. Hilal ta zama ƙungiya marar gida, ta yi wasanninta na gida a Darussalam, ta sake tsayawa a matakin rukuni. Karo na biyu ke nan, kuma Ibenge yana nan. A kaka ta uku Hilal da Merrikh suka roƙi arziki a lig ɗin Muritaniya don kada ƙafafun yara su mutu. Daga Nuwakshot Hilal ta je Darussalam ta ci Yanga biyu da nema, ta ci TP Mazembe, ta je Aljiyas ta ci MC Alger, ta zo ta ɗaya a rukuninta, ta haye matakin rukuni na kofin zakarun Afirka karon farko tun 2015. Ahly ce ta tsayar da ita a zagayen 'yan takwas, ɗaya da nema gida da waje. A lig ɗin Muritaniya ma ita ta ƙare a sama. Ƙungiyar da ba ta da fili, ba ta da 'yan kallo, wadda iyalan 'yan wasanta ke warwatse tsakanin Masar da sansanonin gudun hijira, ta yi abin da ta kasa yi shekara da shekaru tana da komai. Abu guda da ta samu wanda da ba ta da shi, shi ne murya ɗaya a filin atisaye har shekara uku. Ina zargin yaƙin ne ma ya ceci Ibenge, domin masu ihu sun sami abin da ya fi ƙwallo damun su. Abin kunya ne a ce sai da bindiga ta rufe mana baki sannan koci ya sami sararin aiki.

Haka labarin yake a ƙungiyar ƙasa. Kwesi Appiah na Gana, wanda ya san Sudan tun zamansa a ƙungiyar Khartum Al-Watani, ya karɓi aiki a 2023 cikin yaƙi. Ya riƙe Gana canjaras a Akra, ya ci ta biyu a Bengazi ta Libiya, inda Sudan ke aron gida. Sai a Nuwamban 2024 Nijar ta yi masa ruwan ƙwallaye huɗu ba ko ɗaya a Lome. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, mun ji, kun iya. Da an bi ra'ayin rumfar mai shayi, a daren za a kore shi. Kwana kaɗan bayan haka ya yi canjaras da Angola, Sudan ta sami gurbin kofin Afirka, Gana ta zauna a gida. A Agustan 2025 kuma, a gasar 'yan wasan cikin gida, yaransa suka ci Najeriya huɗu a Zanzibar suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Mutanen Kano, ku ma mun gaishe ku.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Za a ce ai Ahly ta Masar ma tana kora: Marcel Koller ya ci mata kofin zakarun Afirka biyu a jere, 2023 da 2024, amma da Sundowns ta fitar da shi a Afrilun 2025 sai aka raba gari. Gaskiya ne. Amma Ahly tur'arta a yashe take. Tana da makarantar yara, tana da kuɗin shiga da ba su dogara da fara'ar mutum ɗaya ba, tana da ofis da ke aiki ko wane ne koci. Mai irin wannan gona yana iya sauya ɗan ƙodago duk shekara ya ci amfani, ko da zalunci ne. Wanda ya kwaikwayi korar Ahly bai kwaikwayi ofishinta ba, ya ga mai doki yana sukuwa ne ya hau kara. In misali ake so daga Masar, wanda ya fi kama da mu shi ne Zamalek a zamanin Murtada Mansur, inda masu horarwa suka riƙa shiga da fita kamar kasuwar ƙauye, ita kuwa rabonta da kofin zakarun Afirka tun 2002.

Za a kuma kawo Kwaddibuwa, wadda ta kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasar kofin Afirka a Janairun 2024, bayan Ikwatoriyal Gini ta ci ta huɗu, kuma ta je ta ɗauki kofin a hannun Najeriya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce kada a taɓa korar koci ba. Akwai wanda 'yan wasa suka daina jin maganarsa, akwai wanda tun farko kuskure ne ɗaukar sa. Amma ku dubi wanda aka ba aikin: Emerse Faé, mataimakin da ke cikin ɗakin tun farko, wanda ya san wa ke fushi, wa ke ciwo, wa aka zaunar a benci ba bisa ƙa'ida ba. Ba su je filin jirgi sun tari baƙon da bai san sunan mai tsaron ragarsa ba.

Sai hujja ta uku, wadda ta fi kowacce yaudara: ai da aka kawo sabo, ga shi mun ci wasa. To dama yaushe ake korar koci? Sai an yi rashin nasara uku ko huɗu a jere, wato lokacin da ƙungiya ke ƙasan rijiya, sau da yawa bayan ta gamu da manyan abokan karawa a jere. Ƙungiya mai 'yan wasa irin na Merrikh ko Hilal, ko buhun gero aka ajiye a benci za ta ci wasa na gaba a lig ɗin gida. Wanda zazzaɓi ya kwantar kwana shida, ya sha rubutu a na bakwai ya tashi, ba za ka raba shi da malamin ba. A auna sabon koci bayan wasa ashirin, a gwada da ashirin ɗin wanda aka kora, sannan a zo a yi magana. Ba a yin haka, domin kafin wasa ashirin shi ma an kore shi.

Akwai kuma wanda kullum ake mantawa da shi a wannan ciniki, wato kocin gida. Shi ne ake kira da tsakar dare ya riƙe ƙwarya idan Bature ya tafi, ya kwashe kashin da aka bari, ya ci wasa biyar, sannan a ce masa ya koma mataimaki domin an samo wani daga Turai ta Gabas. Alhali Muhammad Abdallah Mazda, ɗan gida, shi ya mayar da Sudan gasar kofin Afirka a 2008 bayan rabonta da ita tun 1976, shi ya kuma kai ta zagayen 'yan takwas a 2012. Mutanen Najeriya ba sa buƙatar a fassara musu wannan: marigayi Shu'aibu Amodu sau biyu yana sama wa ƙasarsa gurbin kofin duniya, na 2002 da na 2010, sau biyu ana karɓe ƙungiyar daga hannunsa ana gobe tafiya a miƙa wa wani.

Da cutar ta tsaya a Umdurman da da sauƙi. Ta gangaro har ƙauyukanmu. Kowa ya san irin malamin makarantar nan ko tsohon ɗan wasan da ke tara yaran unguwa tun suna buga dafuri ba takalmi, ya koya musu tsayuwa da ba da ƙwallo, ya raba su faɗa, ya bi iyaye gida-gida yana roƙo a bar yaro ya zo atisaye bayan ya dawo daga gona, shekara biyar ko shida ba a ba shi ko kuɗin shayi. Sai wani mai hali ya dawo daga Saudiyya ya saya wa ƙungiya riguna da ƙwallo biyu, a naɗa shi shugaba. Ƙauyen maƙwabta su ci mu a gasar bayan kaka, washegari shugaba ya ce a sauya koci, domin haka ya ga manya na yi. A ɗauko wani daga birni a biya shi kuɗin mota, ya zo sau uku ya daina zuwa. Malam ya yi zuciya, yaran su watse. A garuruwan da yaƙi ya ɗaiɗaita, inda filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage da ɗan Hausa da ɗan kowace ƙabila ke sa riga iri ɗaya, rasa irin wannan malami ya fi rasa kofi ciwo. Mutanen Nilu Shuɗi da suka ga abin da ya faru a Damazin da Rusairis a 2022 sun san abin da nake nufi.

A tsakiyar 2025 Ibenge ya bar Hilal ya koma Azam ta Tanzaniya, aka kawo Laurentiu Reghecampf ɗan Romaniya, ƙungiyoyin biyu kuma suka koma aron gida a lig ɗin Ruwanda. Wata rana, in Allah ya yarda, za su dawo Umdurman, filaye su cika, jaridu su dawo, mu ma murya ta dawo mana. Abin da nake tsoro ke nan. Ina so ranar da aka fara ihun a kori wane, wani a rumfar ya daure ya tambayi abin da ba mu tambaya ba a 2021. Me ya sa Gomes ya zaɓi tafiya? Wa ya kawo Nabi, kuma da ya kore shi bayan wasa uku na Afirka, me ya sa shi bai bi shi ba? Wa ya ga dacewar a ɗauko mutum daga mataki na shida na Ingila a tura shi Darussalam cikin kwana goma? Wa ya sake kiran sa bayan wata bakwai, wa ya sake korar sa, nawa aka kashe a zuwa biyun nan, kuma daga asusun wa?